Rajistar kurakurai a gungun Pacemaker da Corosync: kundin tafiyar aiki

Litinin, 4 ga Maris, 2024

Gungun na'urori uku ne, n1 da n2 da n3, a kan Rocky Linux 9, da Pacemaker 2.1 da Corosync 3.1. Corosync ne ke haɗa na'urorin yana lura da waɗanda ke raye, Pacemaker kuma shi ke yanke inda kowace hidima za ta gudana. Hidimomin da yake riƙe da su: adireshin IP mai yawo, ma'adanar fayiloli ta NFS, da wata manhaja ta cikin gida mai nata wakilin, wato ƙaramin shirin da Pacemaker ke kira don ya tayar da ita, ya tsayar da ita, ko ya duba lafiyarta. Killacewa ta hanyar fence_ipmilan ce, wato idan na'ura ta daina amsawa sai sauran biyun su yanke mata wuta ta IPMI, allon da ke ba da damar sarrafa wutar na'ura daga nesa.

Abin da ake son cimma a wannan aiki guda ɗaya ne: duk sanda aka killace na'ura ko hidima ta yi ƙaura, mai bincike ya gano dalili daga rajista kaɗai, ba tare da sai an sake haddasa matsalar ba.

Yau ƙidaya kawai aka yi. Bayanin kuskure a warwatse yake a wuri biyar. Corosync na rubutu a /var/log/cluster/corosync.log. Pacemaker na da nasa cikakken fayil, /var/log/pacemaker/pacemaker.log, wanda ke karɓar saƙonni daga matakin info zuwa sama. Abin da ke zuwa syslog kuwa daga notice ne zuwa sama, domin haka saitin asali na PCMK_logpriority yake a /etc/sysconfig/pacemaker. Sai fayilolin pe-input a /var/lib/pacemaker/pengine, inda ake adana yanayin gungu a kowane hukunci, sai tarihin killacewa da pacemaker-fenced ke riƙewa a ƙwaƙwalwa, wanda ke ɓacewa idan gungun ya tsaya gaba ɗaya.

Ga mai bin tsofaffin bayanai: tun fitowar Pacemaker 2.0 a 2018 sunaye suka canza. crmd ya koma pacemaker-controld, pengine ya koma pacemaker-schedulerd, lrmd ya koma pacemaker-execd, stonithd ya koma pacemaker-fenced, cib ya koma pacemaker-based. Wanda ya nemi crmd da grep a wannan gungu ba zai samu komai ba, sai ya zaci lafiya lau.

Laraba, 6 ga Maris, 2024

Agogo tukuna. Idan agogon na'urorin bai zama ɗaya ba, jera saƙonninsu aikin banza ne, don abin da ya biyo baya zai fito kamar shi ya jawo na gabansa. An haɗa dukkan ukun da tushen lokaci ɗaya ta chrony, aka duba da chronyc tracking, aka mayar da su UTC. An kuma gyara agogon allunan IPMI, tunda rajistarsu ce ke nuna daidai lokacin da wuta ta yanke.

Salon rubutun gargajiya na rsyslog, manhajar da ke rubuta syslog, ba ya sa shekara, ba ya sa yankin lokaci, kuma a sakan yake tsayawa. Canjin membobin gungu na iya farawa ya ƙare cikin sakan guda. An canza zuwa RSYSLOG_FileFormat. A corosync.conf an rubuta timestamp: hires a fili, ko da yake shi ne na asali a Corosync 3, don kada wani ya taɓa shi bisa kuskure.

Litinin, 11 ga Maris, 2024

Gwajin killacewa na farko: pcs stonith fence n2, alhali hidimomi suna gudana a kanta.

Hidimomin sun koma n1 yadda ya kamata. Da n2 ta dawo aka buɗe rajistarta, sai aka tarar ƙarshen pacemaker.log babu shi. Layukan ƙarshe sun tsaya tun kafin lokacin yanke wutar, kuma journalctl -b -1 ya ce babu wani tashi da ya gabata.

Dalilai biyu ne, kowanne da nasa magani. Na farko, journald, mai tattara rajistar tsarin, a wannan dangin Linux yana ajiya a /run/log/journal muddin babu /var/log/journal, shi kuwa /run a RAM yake, wuta na ɗaukewa ya tafi. An sa Storage=persistent a journald.conf. Na biyu ya fi zurfi: manhaja ta rubuta layi a fayil ba yana nufin layin ya sauka a faifai ba. Kanel, wato zuciyar tsarin Linux, na riƙe shi a RAM, kuma bisa saitin asali na vm.dirty_expire_centisecs, wato 3000, yana iya kai sakan 30 kafin a tura shi. Shi ma journald duk minti 5 yake tilasta saukarwa, sai dai saƙon da ya kai matakin crit ko sama, wanda ake saukarwa nan take. Killacewa kuma ba ta sallama. Yanke wuta ce, da gangan aka yi ta haka, domin na'urar da ake zargi ba a jiran yardarta. Saboda haka sakannin da suka fi kowanne muhimmanci, na daf da mutuwa, su ne na'urar ba ta iya adanawa da kanta. Wani lokaci ma za a ga ƙarshen fayil cike da alamar ^@, wato an tanadi gurbin amma bayanin bai iso ba.

Hukuncin da aka yanke: rajistar da ke kan na'urar da aka killace shaida ce ta biyu. Dole kowane layi ya bar na'urar da zarar an rubuta shi.

Laraba, 13 ga Maris, 2024

An tayar da sabar tattara rajista a wajen gungun. Ba memba ba ce, ba ta kuma dogara da NFS ɗin da gungun ke riƙewa, in ba haka ba ranar da ake buƙatarta ita ma tana kwance.

Kowace na'ura na turawa da omrelp. An zaɓi ƙa'idar aikawa ta RELP maimakon TCP zalla domin mai karɓa yana tabbatar da kowane saƙo, alhali a TCP zalla abin da ke cikin ma'ajin aikawa yana salwanta idan haɗin ya tsinke, rsyslog kuma bai sani ba. An sa wa turawar jerin jiranta na kanta: queue.type LinkedList, da queue.filename don ya zuba a faifai idan ya cika, queue.maxDiskSpace 2g, queue.saveOnShutdown a kunne, action.resumeRetryCount -1. Idan babu wannan jeri na daban, mutuwar sabar tattarawa na iya toshe rsyslog har rubutun cikin gida ya tsaya.

Turawar na bin katin sadarwa na gudanarwa, ba wanda Corosync ke amfani da shi ba. Idan hanya ɗaya suka bi, tsinkewar da ta jawo killacewa ita ce za ta hana labarinta fita.

Saura saƙonnin info. Akwai hanya biyu: rsyslog ya riƙa karanta pacemaker.log da imfile, ko a sauke PCMK_logpriority zuwa info. An bi ta biyu. Fayil ɗin logrotate na Pacemaker yana amfani da copytruncate, kuma mai karanta fayil da ake yankewa a ƙarƙashinsa yana iya rasa layuka ko ya maimaita su. Saitin ba ya aiki sai an sake tayar da Pacemaker, don haka aka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya: pcs node standby, pcs cluster stop, pcs cluster start, pcs node unstandby.

Wannan zaɓi ya zo da nasa tarko. journald na ƙayyade kowace hidima ga saƙo 10000 cikin sakan 30 a ma'aunin asali, imjournal na rsyslog kuma 20000 cikin sakan 600. A ranar lafiya ba a kusantar waɗannan adadi. A ranar rikici ne saƙonni ke ambaliya, a ranar ne kuma ƙayyadewar za ta fara zubar da su. An sa RateLimitIntervalSec=0 a journald.conf, aka sa ratelimit.interval 0 ga imjournal.

An maimaita gwajin 11 ga wata. A sabar tattarawa layukan n2 sun kai har sakan ɗin da wutar ta yanke.

Talata, 19 ga Maris, 2024

Ranar Corosync. Lissafi da farko, don a san abin da za a gani. Token saƙo ne da ke zagaya na'urorin, idan bai iso cikin wa'adinsa ba sai a ɗauka wata ta mutu. Wa'adin token na asali a Corosync 3.1 milisakan 3000 ne, ana ƙara token_coefficient, 650, ga kowace na'ura da ta haura biyu. Na'ura uku ke nan 3650. Consensus, wa'adin cimma matsaya a kan sabon jerin membobi, ninki 1.2 ne na wannan, 4380. Kada a dogara da abin da ke cikin corosync.conf. Adadin da ke aiki yana fitowa da corosync-cmapctl -g runtime.config.totem.token.

An yi gwaji iri uku, kuma kowanne ya bar sawu daban.

Na farko, an daskarar da corosync a n3 da kill -STOP na sakan 3, aka sake shi da kill -CONT. Sauran biyun suka rubuta "Token has not been received in 2737 ms", wato kashi 75 cikin ɗari na wa'adin. Ita n3 da ta farfaɗo ta rubuta "Corosync main process was not scheduled for", da tsawon lokacin da ta yi a daskare, da iyakar 2920, kashi 80 cikin ɗari. Wannan layi yana da daraja ƙwarai, don shi ke raba matsalar sadarwa da matsalar na'urar kanta. Idan ya bayyana, wayoyi da suwic ba su da laifi. Na'urar ce ba ta samu lokacin sarrafawa ba: ko nauyi ya yi mata yawa, ko kuma, idan ta kama-da-wane ce, uwar masaukinta ta dakatar da ita yayin ɗaukar hoton ajiya. Saƙon yana ba da shawarar ƙara wa'adin token. Ba mu ƙara ba. Ƙarin yana ɓoye alamar ne, yana kuma jinkirta gano mutuwa ta gaskiya.

Na biyu, an toshe UDP 5405 shiga da fita a n3 da nft. Nan KNET, sashen Corosync mai kula da hanyoyin sadarwa, shi ya fara magana, "link: host: 3 link: 0 is down", sai TOTEM, mai kula da token, da "A processor failed, forming new configuration", sai sabon jerin membobi. n1 da n2 suka riƙe rinjaye, biyu cikin uku, suka killace n3. A ɓangaren n3 akwai "This node is within the non-primary component and will NOT provide any services", sannan ta fara tsayar da hidimominta bisa no-quorum-policy=stop kafin wutar ta yanke. Da a ce hanyar Corosync ce ta tsinke da gaske, ba don turawa ta katin gudanarwa ba, da wannan rabin labarin bai iso ba.

Abin lura a nan: kusan duk waɗannan layuka a matakin info, notice ko warning suke. Wanda ya yi grep na kalmar error zai samu abin da ya biyo baya ne kawai, ya bar tushen a sama. An cire wannan kalma daga matatar binciken farko, aka maye gurbinta da TOTEM, KNET, QUORUM, "not scheduled" da "Retransmit List".

Na uku, an rushe kanel da echo c > /proc/sysrq-trigger. Daga n3 shiru kawai. Babu KNET, babu komai, domin rsyslog ya mutu tare da kanel. Wannan ya buɗe wani aiki.

Alhamis, 21 ga Maris, 2024

An kunna netconsole a dukkan ukun, yana tura saƙonnin kanel ta UDP zuwa tashar 6666 ta sabar tattarawa. Daga cikin kanel yake aiki kai tsaye, don haka bayanin rushewa yana fita ko da komai na sama ya mutu.

Sai kdump, mai kwafe ƙwaƙwalwar na'ura zuwa fayil ɗin vmcore idan kanel ya rushe. Matsalarsa da gungu sananniya ce: yana cikin kwashe ƙwaƙwalwa zuwa faifai sai killacewa ta yanke wuta, a rasa vmcore. Maganin fence_kdump ne a mataki na 1, fence_ipmilan a mataki na 2, ta pcs stonith level add. Na'urar da ta shiga kanel ɗin kdump tana aika sanarwa ta UDP 7410 ga waɗanda aka lissafa a fence_kdump_nodes cikin /etc/kdump.conf, su kuma su ɗauka an killace ta, tunda a wannan hali ba ta iya taɓa bayanai.

Kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Idan ba rushewar kanel ba ce, fence_kdump zai jira wa'adinsa, sakan 60 a asali, kafin a sauka mataki na 2, hidimomi kuma suna tsaye duk tsawon wannan jira. An bar shi a gungun gwaji kawai. Ko zai shiga gungun aiki, masu hidimar ne za su faɗi ko za su iya jure ƙarin minti ɗaya.

Talata, 26 ga Maris, 2024

Wakilin manhajar cikin gida ya ci yini guda, kuma ya cancanta, don mafi yawan kurakuran yau da kullum daga wakilai suke fitowa, ba daga Corosync ba.

Pacemaker bai san komai game da manhaja ba sai lambar da wakili ya mayar masa. 0 lafiya. 7 ba ta gudana, kuma a tsaye take tsaf. 1 kuskure na gama-gari, sai a sake tayar da hidimar. 5 wani abin da ake buƙata ba ya kan wannan na'ura, sai a hana hidimar zama a kanta a kai ta wata. 6 saitin kansa ne ba daidai ba, sai a hana ta gudana ko'ina a gungun. An samu kuskure biyu a wakilin. Yana mayar da 1 idan bai ga fayil ɗin PID ba, wanda manhaja ke ajiyewa idan tana gudana, maimakon 7, don haka binciken farko da Pacemaker ke yi a kowace na'ura yana fitowa kamar gazawa a inda manhajar ba ta taɓa tashi ba. Yana kuma mayar da 6 idan babu fayil ɗin manhajar, maimakon 5, wato rashin fayil a na'ura ɗaya zai iya kwantar da hidimar a dukkan uku.

An bi kowace mafita ta kuskure aka sa mata ocf_exit_reason da jimla mai ma'ana: wane fayil, wace tasha, wace amsa aka samu. Wannan jimla ce ke fitowa a pcs status ƙarƙashin ayyukan da suka gaza. Idan babu ita, kalmar error kaɗai mai aikin dare zai gani.

Ƙarewar wa'adi ta fi wuya. Idan aikin monitor, wato duba lafiyar hidima, ya wuce wa'adinsa, sakan 20 idan ba a sa wani ba, pacemaker-execd yana kashe wakilin, wakilin da aka kashe kuwa ba ya barin wasiyya. Rajista za ta ce wa'adi ya ƙare, ba za ta ce a wane layi ya maƙale ba. Gyaran shi ne kowane kira na waje a cikin wakilin ya samu nasa wa'adi mafi gajarta. An sa wa curl --max-time 10, don wakilin ya riga Pacemaker ganewa, ya rubuta dalili, ya fita da kansa.

Don bin sawu layi-layi akwai trace_ra=1, wanda ke zuba bayani a /var/lib/heartbeat/trace_ra, fayil guda ga kowane kira. A kan monitor mai zagayowa duk sakan 10, fayil 8640 ke nan a yini. A kunna, a kama matsalar, a kashe. pcs resource debug-start da --full ya fi sauƙi idan tashi ne ke gazawa, amma a tuna yana tayar da hidimar a bayan idon gungun, dole a tabbatar ba ta gudana a wata na'urar.

Alhamis, 28 ga Maris, 2024

An rubuta ƙa'ida ga masu aiki: kafin pcs resource cleanup, a adana sakamakon crm_mon -1rf, a kuma ɗauki crm_report da --from da --to da suka rufe lokacin. Cleanup yana goge ƙidayar gazawa da dalilinta daga matsayin gungu. failure-timeout ma haka yake yi da kansa idan lokacinsa ya cika, shi ya sa pcs status mai tsabta da safe ba hujja ba ce cewa dare ya wuce lafiya.

Idan ƙidayar ta nuna 1000000, ba sau miliyan hidimar ta gaza ba. Adadin INFINITY ke nan, kuma gazawar tashi sau ɗaya tak ke kai ta can, saboda start-failure-is-fatal a kunne yake.

Talata, 2 ga Afrilu, 2024

Tambayar "me ya sa gungun ya yanke wannan hukunci" amsarta na wuri ɗaya: na'urar da ke riƙe da muƙamin DC, wato jagorar gungu, a wannan lokaci. Ita kaɗai ke lissafin abin da za a yi, ita ke rubuta "Calculated transition" tare da sunan fayil ɗin da ta adana yanayin gungu a ciki. Sauran suna rubuta abin da aka umarce su ne da sakamakonsa. Muƙamin yana ƙaura, musamman idan DC ɗin ce aka killace, don haka matakin farko na bincike shi ne gano wace ce DC a wannan minti, ba wace ce yanzu ba. Lambobin fayilolin ma kowace na'ura da nata jeri: pe-input-45 na n1 ba shi da alaƙa da pe-input-45 na n3.

An sake kunna hukuncin 19 ga Maris da crm_simulate -S -s -x a kan fayil ɗinsa, ya fitar da makin kowace hidima a kowace na'ura da jerin ayyukan, daidai da abin da ya faru. Hukuncin da ke da killacewa a ciki yana shiga jerin pe-warn ne, ba pe-input ba, a can za a neme shi.

Jerin yana zagayowa: pe-input 4000, pe-warn 5000, pe-error ba iyaka. Hidimar da ke faɗuwa tana tashi duk sakan 10 za ta cinye 4000 cikin kimanin awa 11, ta goge fayil ɗin farkon matsalar, wanda shi ake nema. An sa kwafin /var/lib/pacemaker/pengine zuwa sabar tattarawa duk awa. Da sharaɗi: kowane ɗayansu cikakken saitin gungu ne, har da kalmar sirrin IPMI idan a fili aka rubuta ta. An cire ta aka koma password_script kafin kwafin farko, an kuma taƙaita masu izinin karantawa a can.

PCMK_debug=yes ba za a kunna shi a gungun aiki ba. Yawan rubutunsa na iya cika faifai, idan kuma /var ya cika pacemaker-based ba zai iya adana saitin gungu ba. An raba /var/log zuwa nasa yanki na gigabait 20. A madadin debug an sa PCMK_blackbox=yes: cikakken bayani na zagayawa a ƙwaƙwalwa, ana zubo shi a /var/lib/pacemaker/blackbox idan manhajar ta rushe ko aka aika mata kill -TRAP, a karanta da qb-blackbox. Corosync na da nasa, corosync-blackbox. Dukkansu a RAM suke zaune, yanke wuta na tafiya da su, don haka amfaninsu ga na'urar da ke raye ne.

Alhamis, 4 ga Afrilu, 2024

Faɗakarwa. An kwafi alert_file.sh.sample daga /usr/share/pacemaker/alerts aka gyara shi ya riƙa kiran logger, aka yi masa rajista da pcs alert create. Da sunan hacluster yake gudana, ba root ba, kuma gwajin farko bai rubuta komai ba saboda fayil ɗin ba shi da izinin gudana ga wannan suna. Wa'adinsa sakan 30 ne, don haka ba a sa masa aika wasiƙa kai tsaye ba. Layi ɗaya yake rubutawa, sabar tattarawa ta yi sauran.

Matatar: duk abin da CRM_alert_kind ɗinsa fencing ne ko node, a tura. Na resource kuwa sai idan CRM_alert_rc ya saɓa da CRM_alert_target_rc. Ba a kwatanta shi da 0 ba, domin 7 a binciken farko shi ne amsar da ake tsammani, kuma faɗakarwar da ke ƙara a kan abin da ba matsala ba, cikin mako guda za a daina duba ta.

Abin da ya rage: hanyar knet ta biyu a UDP 5406, da sake gwajin 19 ga Maris a kanta don ganin yadda tsinkewar hanya ɗaya ke bayyana idan ɗayar na raye. Sai gwajin kashe sabar tattarawa na tsawon yini, a ga ko gigabait 2 na jerin jira zai isa da info a kunne. Hukuncin fence_kdump har yanzu yana hannun masu hidimar.